Manhajar da Na Haɗa wa Yaya

Shekarar da hannun Yaya ya fara rawa, ni ne na ƙarshen sani a gidanmu. Tela ne, shagonsa na Limawa, kuma aikin wuyan riga ne abin da aka san shi da shi. Kaftani in ya fito daga shagonsa, ko a filin idi ka hango shi ka san aikinsa ne. To shi aikin wuya da keke ake yinsa, mutum yana juya yadi a ƙarƙashin allura da tafukansa biyu, hannu mai rawa kuwa ba ya iya wannan. Ya ɓata wuyan wata riga, ya ɓata na wata, bai gaya wa kowa ba. Matarsa ce ta gaya wa matata, matata ta gaya mini. Haka labari ke tafiya a gidanmu, ta ƙofar baya.

Ya girme ni nesa ba kusa ba. Da mahaifinmu ya rasu a rugarmu ta wajen Kiyawa, shi ya ɗauko ni ya kawo ni Dutse, da wannan keken ya yi mini karatu har na samu aiki a sashen kwamfuta na wani ofishin gwamnati. Mu irin Fulanin nan ne da suka bar daji. Shanu sun ƙare, Fulatancin ma ya kusa ƙarewa a bakinmu, amma kunya ta biyo mu gari ko ɗigo bai zube a hanya ba. Ba na faɗin sunansa, ba na haɗa ido da shi, ba na ce masa kada ya yi abu. Shi kuma ba ya neman komai a wurina. Wa ba ya roƙon ƙane, ko da ruwan sha ne.

Don haka ban ji mamaki ba da na je gaishe shi wata Juma'a na tarar da sabon abu a shago ba tare da an yi shawara da ni ba. Inji ne na aikin kwamfuta, na hannu, wato wanda wani ya riga ya yi amfani da shi, ya sayo shi daga Kano. Irin wanda za ka zana aikin wuya a kwamfuta, ka zuba zanen a filashi, ka soka masa, shi kuma ya yi ta dukan allura har ya gama. Ba ruwansa da rawar hannu. Abin da mai sayarwa bai faɗa ba shi ne injin ya zo tsirara, babu manhajar da ake zanen da ita. Yaya ya lulluɓe shi da zani kamar amarya, ya ci gaba da yanka yadi yana mini hirar damina. Sai da na miƙe zan tafi ya ce, yana kallon almakashi, “An ce wai sai da wata aba yake aiki. Oho dai.”

Na gane. Iyakar roƙon da zai iya yi ke nan. In injin nan bai yi aiki ba, Yaya ya gama telanci, ya koma mai sa maɓalli da kalmasa ƙafar wando, mutumin da manyan gari ke jiran layi a wurinsa.

Na kawo tsohuwar kwamfutata ta cinya na sa mata Linux, wato tsarin nan na kyauta, don manhajar kamfanin injin ta fi ƙarfinmu, ta satar da ake yawo da ita a filashi kuwa na san irin cutar da take zuwa da ita. A cikin wannan tsari akwai wani abu da ni nake kira ma'aji. Shi ke kula da duk manhajojin da ke kwamfutar. Kana son wata, ka gaya masa, ya ɗauko ta daga rumbunsa, ya ɗauko duk ƙananan abubuwan da take jingina da su, ya ajiye kowanne a mazauninsa, ya riƙe a ransa abin da ya ajiye da inda ya ajiye. In sabuwa ta fito, shi ke cire tsohuwa ya sa sabuwa. Mai kirki ne, amma abin da ke rumbunsa kawai ya sani. A rumbun akwai manhajar zanen ɗinki, na ji daɗi na ɗauko, sai na tarar tsohuwa ce, ba ta iya fitar da irin fayil ɗin da injin Yaya ke karantawa. Sabuwar da ta iya tana nan a intanet, amma a ɗanyen rubutunta, yadda masu ita suka rubuta ta. Sai mutum ya sauko da ita ya harhaɗa da kansa.

Na yi wa Yaya bayani ina kame-kame. Ya saurara, ya ce, “Wato waccan ɗinkakkiya ce ta kanti, ba ta shige ka ba. Wannan kuma yadi ne, sai ka yanka ka ɗinka.” Na ce haka ne. Ya ce, “To ai ka zo gidan ɗinki, Injiniya.” Haka yake kirana in yana son tsokanata, ni da ko ƙusa ban iya bugawa daidai ba.

Harhaɗa manhaja aiki ne na jira da ɓacin rai. Ka ba kwamfuta umarni ta duba ko tana da duk abin da ake bukata, ta yi ta zubo rubutu, can ta tsaya ta ce babu kaza. Ka je wurin ma'aji ka karɓo kaza, ka sake farawa, ta wuce wurin ta tsaya a gaba ta ce babu wani kazan. Ka je wurin ma'aji, ya ce yana da shi amma tsoho ne, ita kuma sabo take so. To shi ma wannan sai ka sauko da ɗanyensa ka harhaɗa, shi ma ya fito da nasa bukatun. Bayan la'asar nake zuwa in na tashi aiki, lokacin bazara ne, kwanon shagon yana huci, kwamfutar tana huci, batirinta ya daɗe da mutuwa. Sau da yawa tana tsakiyar haɗi za a ɗauke wuta, komai ya koma farko. Datar wayata kuwa ta sha wuya.

“Me take cewa yanzu?” in ji Yaya daga kan teburin yanka.

“Tana neman wani abu ne.”

“Ita ma? Allah Ya ba ta.”

Ranar da ta haɗu ban yi murna ba, gajiya ta cinye murnar. Na zana wani ɗan ganye, na zuba a filashi, muka ɗaure ƙyalle a injin. Ya fara duka, tat-tat-tat, ganyen yana fitowa kore a kan fari. Yaya ya tsaya a kansa, hannayensa a baya. Da injin ya tsaya ya shafa zaren da babban yatsa, ya juya ƙyallen ya duba bayansa kamar yadda yake duba aikin kowane tela. Ya ce, “Ba laifi.” Wanda ya san shi ya san ya gama yabo. Cikin 'yan watanni ya koyi zanen da kansa, da hagu yake riƙe dama yana jan linzamin kwamfutar. Ya mayar da tsofaffin zanensa na ka cikinta ɗaya bayan ɗaya, mutanensa suka dawo.

Sai dai akwai abin da na sani shi bai sani ba. Ma'aji ba shi da labarin manhajar da na haɗa. Tana zaune a cikin kwamfutar kamar baƙuwar saniya da ta shigo garke babu shaidar mai garke a jikinta: tana cin ciyawa, tana shan ruwa, amma makiyayi ba ya lissafa ta in zai tashi. Kuma tana jingine da abubuwa da yawa waɗanda na ma'aji ne. Ranar da ya kwashe su ya zuba sababbi, ba zai waiwaye ta ba. Yaya yakan haɗa kwamfutar da intanet ɗin wayarsa don sauko da hotunan da masu riguna ke turo masa, kuma in an haɗa, wani ɗan akwati yakan fito a allon yana cewa akwai sababbin abubuwa, a sabunta? Ni nakan yi wannan da kaina in na zo, ina zaɓa ina tsallakewa. Abin da ya kamata a gaya masa gajere ne: kada ka taɓa wannan akwatin. Amma babu yadda wannan magana za ta fito daga bakin ƙane zuwa kunnen wa a gidanmu. Na nemo mata riga na sa mata. Na ce, “Yaya, wannan akwatin in ya fito, ba sai an wahala da shi ba, zan riƙa dubawa.” Ya ce to.

Shi kuwa mutum ne da bai taɓa barin keke ya kwana babu mai ba. A wurinsa, kayan aiki in ya nemi hakkinsa ba a ce masa jira. Abin da ya ji daga bakina ladabi ne kawai, irin na yaro mai cewa babba kawo in ɗaukar maka, kuma babba mai mutunci ba ya barin a ɗaukar masa abin da zai iya. Ana cikin azumi, riguna sun taru har kan tabarma, akwatin ya fito da babbar sabuntawa, irin wadda ke juya tsarin gaba ɗaya. Ya karanta, Turancinsa ya isa wannan, ya danna. Kwamfutar ta yi aikinta lafiya lau, ta mutu ta tashi da sabuwar fuska mai kyau. Ya danna manhajar zane, ta ƙi buɗewa. Ya sake dannawa. Shiru.

Bai kira ni ba. Ina gidana a Yalwawa, tafiyar da ba ta isa mai Keke Napep ya sauya giya sosai ba, ina zaune ina jiran shan ruwa kullum, shi yana can yana danna abin da ba ya buɗewa. Juma'ar da ta biyo na je gaisuwa na ga injin a lulluɓe, na tambaya, ya ce yana hutawa ne. Na yarda, ko in ce na ga ya rufe ƙofar maganar ban tura ba. Ashe ya ciro tsohon keken aiki daga lungu. Yana ɗaure wuyan hannunsa da tsumma don rawar ta ragu, yana yin aikin wuya a hankali, in ya karkace ya farke ya sake. Ta ƙofar bayan nan dai labarin ya zo mini, lokacin azumi ya yi nisa. Matata ta ce, “Ka je shagon Yaya ka ga abin da hannunsa ya zama. Amma don Allah kada ka nuna an gaya maka.”

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban san da wa zan yi fushin ba. Ma'aji ya yi abin da aka gina shi ya yi. Yaya ya yi abin da ya saba. Na je da azahar, na ce masa ina son in ɗan gwada wani abu a kwamfutar, na wurin aikinmu ne. Ya ce, “Ga ta nan, ai taka ce.” Ya tashi ya fita wai zai duba wani a bakin titi, ya bar ni da ita. Na ga wuyan hannunsa da zai ɗauki hula, ya kumbura, tsumman ya yi masa zobe.

Abin da na zata shi na tarar. Manhajar tana kiran tsofaffin abokan jinginarta, ma'aji ya kwashe su. Dole a sake harhaɗa ta a kan sababbin, su kuma sababbin wasunsu sun sauya hali, rubutunta bai dace da su ba. Na yi kwanaki ina zuwa, da ƙishirwar azumi, ina karanta koke-koken waɗansu mutane a can wata duniya da suka faɗa irin ramina, ina gwada maganin da ya yi musu. Yaya yana gefe yana yanka, ba ya tambayar me take cewa. Wannan karon na keɓe mata wuri nata daban, na tara duk abin da take bukata a ciki, na toshe bakin akwatin nan don kada ya sake fitowa. Ta buɗe ana saura kaɗan salla. Injin ya yi ta duka daga safe har magariba, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Wasu rigunan an gama, wasu masu su suka zo suka kwashe yadinsu suka kai wani wuri. Akwai wani dattijo da Yaya ke yi wa ɗinki tun ina makaranta, ya aiko a karɓar masa shaddarsa ba tare da ya zo da kansa ba. Yaya ya naɗe ta da kyau, ya sa a leda, ya ce a gaishe da Alhaji.

Na ɗauka an gama, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Wanda ya haɗa manhaja da hannunsa ya zama ma'ajinta har abada, wannan babu wanda ya gaya mini. Masu riguna suka fara turo zane a wani sabon nau'in fayil, sai sabuwar manhaja, sai sabon haɗi. Aka kawo wuta mai ƙarfi ta ƙona cajar. Ma'ajiyar kwamfutar, wato faifan da ke riƙe da komai a cikinta, ta fara ƙara, na sauya ta, na sake gina komai daga tushe, ina ƙoƙarin tuna abin da na yi wancan karon da dalilin da ya sa na yi. Na nuna wa wani mai gyaran kwamfuta a kasuwa ko zai riƙa taimakawa, ya duba ya ce shi dai abin da ya iya shi ne ya goge komai ya zuba irin wanda kowa ke amfani da shi. Na gode masa na ɗauke kayana. Tunda na san Yaya ba zai taɓa kira ba, sai gaisuwar Juma'a ta zama zagayen asibiti. In na zauna mun gaisa, sai ya tuna yana da alwala, ko yana son ganin maƙwabcinsa mai guga. Ya fita, ni kuma in buɗe kwamfutar in duba lafiyarta. In ya dawo mu ci gaba da hirar farashin gero kamar ba a yi komai ba. Na gaji. Ina faɗa ne tsakanina da Allah, na gaji da wannan kwamfutar kamar in jefa ta rijiya, kuma ina jin kunyar gajiyar, don mutumin bai taɓa cewa ya gaji da ni ba.

Ana haka aka ba ni dama a wurin aiki. Wani gurbi ne a Kaduna, horo na dogon lokaci, daga nan kuma a riƙe mutum can. Irin abin da ake yi wa addu'a. Shugabanmu ya kira ni ya ce sunana ya sa. Na yi godiya, na ce a ba ni lokaci in yi shawara da iyali. Iyalin ba su da ja, matata har ta fara tambayar makarantun yara a can. Ni ne na yi ta jan ƙafa. In na tafi, ranar da manhajar nan ta sake tsayawa shi ke nan, zai lulluɓe injin ya ɗauko tsumma. Na yi tunanin in koya masa haɗin, na tuna ni kaina rabinsa da sa'a nake yi. Na yi tunanin in riƙa zuwa duk wata, na san ƙarya nake yi wa kaina. Daga ƙarshe na gaya wa matata zan ce a ba wani. Ta dube ni ta ce, “Saboda kwamfutar Yaya?” Na ce saboda abubuwa da yawa. Ta ce, “Uhm,” ta ci gaba da tankaɗe.

Ban kai ga gaya wa shugabanmu ba Juma'a ta zagayo. Yaya kuwa ban yi masa maganar Kaduna ba, na manta ƙofar bayan nan ba ta wajena kaɗai take buɗewa ba. Bayan masallaci na wuce Limawa kamar kullum. Tun daga bakin ƙofa na ji shagon ya yi faɗi. Inda injin yake babu komai sai sawun ƙafafunsa a siminti da 'yan guntayen zare. Teburin kwamfutar ma an ɗora masa tulin yadi. Yaya yana zaune a kan benci da wandon wani yaro na makaranta a cinyarsa, yana ƙoƙarin zura zare a allura, zaren yana wucewa ta gefe.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi yara, ya tambayi aiki. Na zuba wa simintin ido. Ya bar ni na kalla har na ƙoshi.

“Wani ne daga Kiyawa ya daɗe yana nacin in bar masa,” ya ce. “Na bar masa, har kwamfutar. Ƙararsa ta ishe ni, ga ciwon kai.”

Injin nan bai taɓa sa masa ciwon kai ba. Na sha zuwa in same shi zaune kusa da shi, ido a lumshe, yana kaɗa ƙafa daidai da dukan allurar. Na buɗe baki in ce wani abu, na rasa wanda ƙane zai iya faɗa. Abin da ya fito shi ne, “Yaya, ai manhajar ciki tana da wuyar sha'ani. In ta tsaya masa fa?”

“Ya tambaya,” in ji shi. Ya lashi bakin zaren, ya sake nufar allurar, hannun yana rawa. “Ya ce wa ya haɗa ta, in ba shi lambarsa. Na ce masa mutumin ya yi tafiya, yana Kaduna.”